Notin da ke Ƙarƙashin Hular Alhaji

Bakin sukundireba ya shige hular Alhaji Saddique, ɓus, ya fasa hoton. Fanka ta tara kenan da Husseina ta huda tun safe, kuma ko ɗar ba ta ji ba. Laifin wa? Wanda ya liƙa hoton a bayan fankokin, daidai kan notin da ake kwancewa ya manna shi. Ba ka isa ka ga cikin fanka ba sai ka bi ta kan Alhaji.

Fankoki ne masu caji, ɗari uku, ya raba su sadaka a unguwar Maamobi ranar da azumi ya kama, ga zafi, ga wuta yau akwai gobe babu. Aka yi ta sa masa albarka. Kwana goma sha biyu bayan nan ta Zuera ta kama da wuta. Zuera 'yar dako ce a kasuwar Nima, ɗaki ɗaya take da 'ya'ya uku. Ta jona fankar bayan la'asar tana dama koko, sai ta ga hayaƙi kusa da kan jaririnta. Da hannun dama ta sure ta ta wurga waje, hannun da take ɗora kaya da shi, wuta ta ƙone shi.

Mutane suka ce ƙaddara ce. A unguwar nan in mai kuɗi ya taka ka, ƙaddara ce. In kai ka taka shi, rashin tarbiyya.

Husseina dai shekara shida tana gyaran waya a wani tebur jikin shagon Alhaji, wurin da ya ba ta albarkacin mahaifinta, tsohon direbansa. Da ta buɗe ƙonanniyar fankar, ranta ya ɓaci. Batiran tsofaffin kwamfutoci ne na bola, an sa musu sabuwar riga shuɗiya. Aisin caji kuwa, 'yar baƙar ƙwayar nan mai ƙafa takwas, ba ta san batir ya ƙoshi ba, ɗura kawai take yi har ya kumbura. Sai Husseina ta shiga karɓar sauran fankokin, tana narke dalma tana cire ta, tana dasa wata mai jin magana, ta haɗa ta da 'yar ƙwaƙwalwar da ta tsara da kanta. Ƙwaƙwalwar ce ke auna cika da zafin batir; da ya cika ko ya ɗau zafi, ta yanke wuta. Batirin da ya riga ya lalace kuma sai bokitin yashi.

* * *

Ranar Juma'a, ana saukowa daga masallaci, Alhaji ya tsaya a kanta da fanka a hannu.

"Husseina, mi na yi maki? Duk gidan da na shiga, kaina a huje!"

"Baba Alaji, ba kanka nake nema ba. Noti nake nema."

"Sadaka ce fa. Ana binciken sadaka?"

"Wadda ta ci hannun mutum, ana bincikenta. Ka san batiran na bola ne?"

Ya kau da kai ya dubi titi. "Muftahu ɗana ya haɗa su. Ya ce lafiya lau." Sai ya sassauta murya. "Ji nan, 'yata. Ki riƙa shiga da su ta ƙofar baya, ki gyara a ciki, a sa sabon hoto. Ba wanda zai sani, kowa ya huta."

Teburin nan shi ne cinta, shi ne maganin hawan jinin uwarta. Tsoro ya kama ta, ba ƙarya. Amma ta tuna fankoki fiye da ɗari biyu na nan a ɗakunan mutane, kusa da katifu, ba a taɓa su ba.

"Baba, hujin nan shi ne shaida. Mace ta ga huji, ta san za ta iya barin ɗanta kusa da fanka ta tafi famfo. In an rufe, da me za ta bambanta?"

"To ki kwashe kayanki kafin magariba."

"Kafin la'asar ma," in ji ta, ta fara naɗe waya.

* * *

Ta koma bakin babban kwatami, kusa da tashar motocin haya na trotro, wani mai aski ya ja mata wuta. Wari, ƙuda, rana a tsakar ka. Ranar farko mata ashirin suka yi layi. Sai labari ya zaga cewa duk gidan da aka ga hoto a huje ba shi ba shinkafar Sallah da Alhaji ke rabawa. Rana ta uku mata biyu suka zo, ɗaya ma ta ɓoye fankar a cikin zane kamar kayan sata. Husseina ba ta ga laifinsu ba, yunwa ba ƙanwar uwar kowa ba ce. Amma abin ya yi mata ciwo.

Da hantsi sai ga Zuera, goyo a baya, hannu a naɗe da bandeji, ta ajiye sabuwar fanka dal a kan kwalin da ya zama tebur.

"Alaji ya aiko mani, wai na jaje. Ya ce in yi hankuri."

Hoton wannan ya fi na da girma, har da murmushi.

"Kin ji zancen shinkafa?" Husseina ta tambaye ta.

"Na ji. Da wane hannu zan ci? Ba ni ƙarfen."

Zuera ta karɓi sukundireba da hagu. Hannun bai saba ba, ya kauce wa hular ya fasa kumatu. Matan nan biyu suka dube ta, suka dubi juna. Zuera ta gyara goyo, ta danne fankar da gwiwa, ta sake ɗora bakin ƙarfen a kan hular Alhaji.