Ƙarfen da Baba Yakubu Ya Ajiye

Shekarar da soja suka koma bariki, kowa a Kano ya shiga kakkaɓe takardunsa. Har wanda ya shekara goma yana gyangyaɗi a ofis sai da ya tuna yana da digiri. Lidiya Yakubu ma ta kakkaɓe nata, sai dai ita ba lalaci ne ya zaunar da ita ba. Ilimin ƙarafa ta karanta a jami'a, aka ɗauke ta aiki a wani ɗakin gwaji na gwamnati, ta tarar an lulluɓe injinan da leda, ba kayan aiki, ba mai tambaya. Haka ta shekara shida tana sa hannu a rajistar zuwa aiki tana komawa gida Gyadi-Gyadi.

Da farar hula suka hau, sai ga takarda ta iso ofishinsu: duk injiniyan da bai yi rajista da hukumar injiniyoyi ba, kada ya sa ran ƙarin girma. Rajistar kuwa ba a sayar da ita a kasuwar Tarauni. Sai mutum ya zauna jarrabawa, ya rubuta rahoton aikin da ya yi da hannunsa, sannan ya tsaya gaban dattawan injiniyoyi su yi ta tambayarsa har su ga iyakar saninsa. Karatun bai tayar wa Lidiya da hankali ba. Rahoton ne matsalar, don ba ta da aikin da za ta nuna, ga shi saura wata uku a rufe karɓa.

Wanda ya yarda ya duba mata rahoton shi ne Injiniya Lawan, wani dattijo da ya yi ritaya yana zaune a Babban Giji. Mutum ne mai rowar yabo, har ɗalibansa na dā kan ce in ya ce maka "ba laifi" ka je ka yanka rago. Shi ya ba ta shawara ta daina jiran gwamnati ta kawo mata aiki. Ya ce ta nemo karyayyen ƙarfe, ta binciko abin da ya karya shi, ai ɗakin gwajinsu ko ba komai yana da zarto da madubin ƙara girma.

Neman karyayyen ƙarfe bai kai ta nesa ba. Mahaifinta, Baba Yakubu, mai walda ne a bakin tashar Unguwa Uku. Tun yana saurayi ya baro Kudancin Kaduna, kuma da wutar walda ya ciyar da gidansa ya kai Lidiya jami'a, shi da ko sunansa da ƙyar yake rubutawa. Ta yi tsammanin zai nuna mata tulin tarkacen da ke bayan rumfarsa ya ce ta zaɓa. Sai ya ce ta ba shi kwana biyu. Ran na uku ya fito daga ɗakinsa da wani abu naɗe a takardar siminti. Sanda ce ta ƙarfe wadda ke haɗa sitiyarin mota da taya, ta karye gida biyu.

"Ki duba min wannan," in ji shi. "Ina so in sani, karyewa ya yi motar ta faɗi, ko faɗuwar ce ta karya shi."

Ba ta tambaye shi wace mota ce ba. Abin da ta ji kawai shi ne tambayar ta yi daidai da jarrabawa.

Mako uku ta yi a kan sandar. Bakin karayar kansa ya fara ba ta labari: fiye da rabinsa sumul ne, ya yi duhu, da layuka a jere kamar sawun da ruwa ke bari a bakin kududdufi in yana janyewa. Sauran ɗan guntun ne kawai mai kaushi. Ma'ana, tsaga ce ta daɗe tana cin ƙarfen a hankali, har abin da ya rage ya kasa ɗaukar nauyi. Ta bi layukan baya, suka kai ta gefen wata walda. Ta yanko wurin, ta goge shi har tana ganin fuskarta a ciki, ta ɗiga masa asid, ta sa a madubi. Sai ga cikin ƙarfen cike da wasu tsinkaye kamar allurai. Duk wanda ya karanta ƙarafa ya san su, ba sa fitowa sai in an sanyaya ƙarfe mai zafi farat ɗaya. Yana yin tauri, amma taurin kwalba, mai gautsi. Wani ne ya yi walda ya kwara mata ruwa.

Ta rubuta hukuncinta ba kwana-kwana: sandar ta karye mota na tafiya, kuma daga wannan lokaci sitiyarin juyawa kawai zai yi a hannun direba, tayoyi ba sa jin sa. Lidiya ta yi murna ƙwarai a ranar. Tun da ta bar makaranta ba ta ji kanta injiniya ba sai a lokacin.

Injiniya Lawan ya karanta rahoton a barandarsa wata safiyar Asabar, ya ce ba laifi. Sannan ya tambaye ta motar waye, wa ya yi waldar, me ya sami direban. Ta ce ba ta sani ba. Ya cire tabarau ya dube ta, ya ce ta yi wa gawa wanka ba ta san sunanta ba, kuma dattawan can ba za su ƙyale ta a kan wannan ba. Ya ƙara da wata ƙa'ida tasa da ba ya sassautawa: kafin ta tsaya gabansu da Turanci, ta je ta yi wa wanda ya ba ta ƙarfen bayani da Hausa. Wanda ya kasa fahimtar da mai walda, in ji shi, hadda kawai ya yi.

Lidiya ta fara tambayar mahaifiyarta, Mama Ladi, wadda ke tsintar wake a tsakar gida. Da jin tambayar, matar ta ajiye faifai ta fara ba ta labari.

Motar Malam Inuwa ce. Lidiya ta san shi kamar yadda ta san baffanta. Maƙwabcinsu ne, direban bas a hanyar Kano zuwa Jos, aminin Baba Yakubu na shekara ashirin. Naman Sallarsa ba ya tsallake gidansu, shinkafar Kirsimetinsu ba ta tsallake nasa. Shekara uku da suka wuce bas ɗinsa ta saki hanya bayan an wuce Kura, mutum bakwai suka rasu har da shi. Waɗanda suka tsira sun ce ba rami, ba wata mota, kawai sai suka ga sun nufi daji. Gari ya yanke hukunci cewa barci ya yi. Wasu ma suka ƙara gishiri, wai ƙwayar hana barci yake sha ta sake shi. Matacce ba ya musu. Matarsa Rabi ta jure habaici a gidan biki da bakin famfo har ta gaji, ta kwashe 'ya'yanta ta koma wani ɗaki a cikin Tarauni.

Duk wannan Lidiya ta sani. Abin da ba ta sani ba shi ne, wata biyu kafin haɗarin Malam Inuwa ya kawo wa babanta sandar nan ta tsage. Zamanin ne da kayan gyaran mota suka yi wuya, komai sai dai a liƙa. Fasinja sun cika mota suna jira, Baba Yakubu ya yi walda ya miƙa masa. Bayan an yi jana'iza kuma ya hau mota shi kaɗai ya je inda aka yar da bas ɗin, ya kwance sandar ya kawo gida. Tun daga ranar tana ƙarƙashin gadonsa.

Lidiya ba ta buƙaci a gaya mata sauran ba. Ta san galan ɗin ruwan da ke gefen ƙafar babanta a rumfa. Haka duk masu waldar tashar suke yi, don ƙarfe ya huce mai mota ya kama hanya. Baba Yakubu har yakan ce ruwa na ƙara wa ƙarfe tauri, kuma bai yi ƙarya ba, abin takaicin ke nan.

Hanya biyu ta gani. Ko ta janye rahoton ta jira wata shekarar, ko ta miƙa shi yadda yake, a gida kuma ta ce wa tsohon faɗuwar ce ta karya sandar. Ta biyun ta fi sauƙi, tunda rahoton da Turanci yake, ba kuma sunan kowa a ciki. Ta kai mako guda tana juya maganar, abinci ba ya shiga. Tana tausayin babanta, tana kuma jin haushinsa da ya ɗora mata wannan kaya ba tare da ya gaya mata nauyinsa ba. Ta koma wurin Injiniya Lawan ta kwashe labarin ta faɗa masa, tana fatan zai zaɓa mata. Dattijon ya saurare ta har ƙarshe. Daga baya ya jawo rahoton ya sa hannu, ya ce abin da ke ciki gaskiya ne, don haka shi nasa ya ƙare. Abin da za ta faɗa a gida kuwa, ba ya cikin manhajar jarrabawa.

Ranar Lahadi bayan an dawo daga coci, an ci abinci, Baba Yakubu ya zauna a inuwar tsakar gida da singileti, ya kira ta ya tambaya ko ta gama da ƙarfen nan. Ta ɗauko guntayen biyu, ƙaryar da ta shirya tana bakinta. Ya karɓi ɗaya, bai ko duba ba ya ɗora babban yatsansa a kan wurin sumul ɗin nan yana shafawa. Yadda yatsan ya san wurin ya nuna mata ba yau ya fara ba. Nan ta gane tsohon ya daɗe da zargin kansa, shaida kawai yake nema, kuma in ta yi masa ƙarya zai gane, ya koma ɗaki da kayansa shi kaɗai.

Sai ta yi masa bayani da Hausa, daki-daki. Ta nuna masa inda tsagar ta faro, da yadda ta yi ta ci, da abin da ruwa ke yi wa cikin ƙarfe mai zafi. Ya saurara kamar ɗalibi. Ya tambaya, da ya bar shi ya huce da kansa fa? Ta ce da ya fi daɗewa, amma gaskiyar magana irin wannan sandar ba a yi mata walda, sabuwa ake sawa.

"To, ruwan ne ke nan."

"Ruwan ne, Baba."

Ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, abin da ya tambaya ba game da kansa ba ne.

"Ashe Inuwa idonsa biyu."

"Idonsa biyu, Baba. Ko waye ke riƙe da sitiyarin nan ba abin da zai iya yi."

Lidiya ta fashe da kuka, Mama Ladi ma tana share hawaye daga bakin kicin. Shi bai yi kuka ba. Ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito sanye da kaftanin da ya je coci da shi, ya ce ta naɗe ƙarfen ta biyo shi. Ta gane inda za su. Ta ce masa ya yi tunani, mutum bakwai ba wasa ba ne, magana in ta fita ba ta dawowa, kuma wataƙila ƙarshen rumfarsa ke nan. Ya ce ya yi tunanin shekara uku, a shekara ukun nan kuwa wata mata ce take ɗauke da kunyar da ba tata ba.

A ƙafa suka tafi, rana ta ɗan yi sanyi, yana gaba tana biye. Suka yi sallama a ƙofar gidan, aka yi musu iso. Rabi ta fito da murnarta, ta rame ƙwarai, ta shimfiɗa musu tabarma tana yi wa Lidiya tsiya wai injiniyoyi sun manta da talakawa. Aka gaisa, aka tambayi yara, aka tambayi Mama Ladi. Baba Yakubu ya karɓi ƙunshin daga hannun 'yarsa ya ajiye a tsakiyar tabarmar, ya warware shi.

"Maman yara, ba gaisuwa ce ta kawo ni ba," in ji shi. "Inuwa bai yi barci ba. 'Yata za ta nuna miki yadda aka yi. In ta gama, ni kuma zan gaya miki wanda ya yi waldar."