Katuna Arba'in da Uku

Kafinta ya durƙusa ya jawo akwatin daga ƙarƙashin gado, gwiwoyinsa suna ƙara. Shi ya ƙera shi shekara tara da suka wuce, ya gane aikinsa tun daga kusurwa, inda ya haɗa katako da katako ba ƙusa ko ɗaya. Maƙwabcinsa yana kwance a kan gadon, yana kallonsa da idanun da suka yi rawaya.

"Ka tsufa, Sarkin Ƙusa. Akwati ɗaya kake wa wannan nishi?"

"Ni dai da ƙafata na shigo," in ji Kafinta.

Mai Awo ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Duk unguwa da wannan suna ta san shi. Ma'aikaci ne a wata ƙungiyar ƙasashen waje mai kula da yara. Gida-gida yake bi da sikeli da tef mai launi uku, ya auna damtsen yaro, ya rubuta a kati, ƙarshen wata ya haɗa alƙaluma ya miƙa ofis. Da alƙaluman nan wasu mutane a can nesa suke yanke ko cibiyar tamowa ta unguwar za ta ci gaba da raba wa yara abinci. Wata uku ke nan ciwon hanta ya kwantar da shi, asibiti kuma ta sallamo shi gida ba tare da ta ce ya dawo ba.

Ya sa Kafinta ya buɗe akwatin. Katuna ne ɗaure da roba, arba'in da uku. Ya zaro ɗaya ya nuna masa ƙasan katin, domin ya san Kafinta bai yi boko ba. Gurbi uku ne a jere. Na farko, yaro ya warke. Na tsakiya, iyayensa sun bar unguwa da shi. Na ƙarshe, ya rasu. A kowane kati na tsakiyar aka yi wa alama.

Ya yi bayani a hankali, yana hutawa tsakanin magana. Shekara shida da suka wuce saƙo ya zo daga sama cewa duk cibiyar da mace-macen yaranta suka wuce wani adadi za a rufe ta, a ce ta gaza. Tasu ta kusa wucewa. Daga lokacin, in yaro ya rasu sai ya yi wa gurbin tsakiya alama. Cibiya ta tsira. Yanzu kuma an haɗa babban rahoto, alƙaluma sun yi kyau ƙwarai, har an ce unguwar ta fita daga hatsari, ƙungiya za ta kwashe kayanta ranar Juma'a ta koma inda aka fi bukata.

Kafinta ya tambaye shi ko wani babba ne ya sa shi.

"Ba wanda ya sa ni. Sun faɗi adadin ne kawai, ni kuwa na iya lissafi."

Ya riga ya rubuta wasiƙa ya sa hannu. Matarsa ba za ta iya barinsa ba, 'ya'yansa suna wani gari. Abin da yake so, Kafinta ya kai akwatin hannun jami'ar rahoto, yarinyar da shi ya koya wa aiki, a gyara alƙaluman kafin Juma'a. In aka ga yara arba'in da uku sun mutu, ba za a rufe cibiyar ba.

"Ka ce mata ta fara da na sama," ya ce, ya juyar da fuskarsa bango.

Kafinta ya rufe shago, ya sa rigar da yake zuwa taro da ita, ya hau motar haya da akwatin a cinya. Mai gadi ya tsayar da shi a ƙofa ya ce ba a ɗaukar aikin gyara yau. Kafinta ya dube shi sama da ƙasa ya ce bai zo neman aiki ba, kuma ƙofar da yake tsaro a karkace take.

Cikin ofis an kifa kujeru a kan tebura, kwalaye jibge har bakin taga. A bango akwai farar alamar inda aka cire taswira. Jami'ar ta miƙe ta ba shi kujerarta, ta tambayi jikin malaminta. Ta karanta wasiƙar sau biyu. Sai ta tashi ta tura ƙofa, ta dawo ta zare katin sama daga robar, ta buga lambarsa a kwamfuta, tana karantawa a fili kamar yadda ta saba. Mace, shekara biyu da wata huɗu. Tef ya nuna ja sau uku a jere. Mai kula da ita, kakanta, kafinta.

Ta ɗago kai daga kwamfutar. Ta dubi hannuwan Kafinta, da tabon zarto a babban yatsa.

Shekara huɗu ke nan da jikarsa ta rasu, 'yar 'yarsa, wadda aka bar masa bayan uwar ta rasu wurin haihuwa. Shi ya ɗauke ta a hannu ranar da aka kai ta makabarta. Mai Awo ne ya yi tafiya a gefensa, ya kuma zauna da shi a bencin shago har mutane suka watse.

"To a takardarku tana raye?"

"A takarda, eh, Baba."

Ta yi masa bayani ba ta ɓoye komai ba. An kulle alƙaluman kwana goma sha biyu da suka wuce, ko ita ba za ta iya taɓa su ba. An buga rahoton, ga shi can a kwali, da hoton yaro yana dariya a bango. An riga an tsara aikin baɗi, an tura abincin wata ƙasa. Za ta rubuta wa na sama, ta yi alkawari, amma ta san inda wasiƙar za ta ƙare: za a kafa kwamiti, a yi shakkar duk aikin shekara tara, a ɓata sunan mutumin da ke kwance, cibiya kuwa ba za a sake buɗe ta ba. Kafinta ya ce ta rubuta duk da haka, sunan na Mai Awo ne, kuma shi ya ce a ɓata. Ta ce za ta yi. Ta ƙara da cewa kada ya bar akwatin, duk takardar da ta kwana a ofis ranar Alhamis za a ƙone ta.

Ya mayar da katin sama cikin robar da kansa.

Da la'asar ya iso gida. Matar Mai Awo ta tare shi a bakin ƙofa, hannunta da kumfar wanki. Ganin akwatin ta gane. Ta roƙe shi ƙasa-ƙasa ya ce sun karɓa, ya bar akwatin a shago, mutumin kwana nawa ya rage masa. Kafinta ya ce mata, ƙanwata, shekara hamsin bai taɓa ce wa mai aiki katako ya kai ba alhali bai kai ba, ba zai fara yau ba.

Ya shiga ya ajiye akwatin a kan gado.

"Sun rufe. An buga littafin."

Mai Awo ya lumshe ido. Fanka tana juyawa, labule yana motsi.

"Ka yi tafiya a gefena ranar," in ji Kafinta.

"Na yi. Washegari na cika katin."

Kafinta ya tsaya a kansa. Ya daɗe a tsaye. Da mutumin yana da lafiya da ya san abin da zai yi masa, amma abin da ke kan gadon bai fi ƙashi da zane ba. Ya jawo kujera ya zauna.

Can Mai Awo ya ce a ba shi biro. Kafinta ya tokare masa baya da matashi, ya aza masa murfin akwatin a cinya. Da ya kai hannu kan katin sama, Kafinta ya dafe shi.

"Wannan nawa ne."

Mai Awo bai yi musu ba. Ya ɗauki na biyu, ya ja layi a kan gurbin tsakiya, ya yi wa na ƙarshe alama, ya faɗi sunan yaron da na uwarsa da layin gidansu. Haka na uku. Bai duba rubutun ba, duk yana riƙe da su a ka. Da ya gama gyara shida sai biron ya zame ya faɗi ƙasa, ya ce a bari sai gobe.

Gobe ta zo bai iya ɗaga hannu ba. Ranar Alhamis da hantsi ya cika, matarsa tana goge masa baki da tsumma. Aka kai shi kafin rana ta yi zafi. Jami'ar ta zo, ta tsaya daga nesa, ta ce wa Kafinta ta aika wasiƙar, an amsa mata cewa an gode, za a duba.

Ranar Juma'a babbar mota ta tsaya a ƙofar cibiya. Daga shagonsa Kafinta yana hango su suna loda sikeli da benci, bencin da shi ya ƙera. Suka kwance allon ƙungiya, suka sa kwaɗo. Mata shida da suka zo da yara a baya suka tsaya suna kallo, ɗaya tana tambayar direba ko sati mai zuwa za a dawo. Direban ya ce shi tuƙi kawai ya sani.

Kafinta ya share garin katako daga kan teburin aikinsa. Ya jera katunan, ya aza ɗaya daga cikin shidan a gefe don ya riƙa kwatantawa. Ya zaro fensir daga bayan kunne ya fere shi, ya ɗauko ma'auni. Layi a kan na tsakiya, alama a na ƙarshe. Bai san sunayen ba, sai ya riƙa yin shiru kaɗan bayan kowanne. Wani ya leƙo yana tambayar ƙofar da ya ba da gyara, ya ce masa ya dawo jibi.

Talatin da shida suka koma cikin akwati. Saura ɗaya a kan tebur. Ya daidaita ma'aunin a kan gurbin tsakiya, ya danne shi da yatsa biyu, fensir yana hannunsa. Iska ta shigo ta ƙofar shagon ta watsa garin katako a kan katin, ya sunkuya ya hure shi.