Tsinke a Hannun Esta

Tun Haɗeja tana ƙarƙashin jihar Kano aka yi wannan abu, kuma duk wanda ya zauna a unguwar su Ramatu a lokacin zai ba ku labarinsa, sai dai kowa da irin gishirin da yake zuba wa nasa.

Ramatu 'yar makarantar koyon aikin jinya ce, tana shekarar ƙarshe aka turo ajinsu asibitin Haɗeja su yi aikin gwaji. Abin ya zo mata daidai, don gidansu yana cikin gari. Iyayenta Fulani ne da suka ajiye sanda suka kama noman shinkafa, amma rabin dangi suna can fadama suna bin shanu. Ana cikin haka wata ƙungiya ta ce za ta kai ɗalibai huɗu ƙasar Masar, su zauna a asibitocin can su koyi aiki a kan cututtukan da ruwa ke kawowa. Aka yi jarrabawa, Ramatu ta shiga cikin huɗun. Ƙawarta Esta, 'yar Malam Irmiya mai koyar da lissafi a sakandare, ita ta zo ta biyar. Aka ce ta zauna cikin shiri, in wata ta kasa ita za ta maye gurbinta.

Sai shiri ya kankama. An yi musu allurar shawara, an kai su sun ɗauki hoton fasfo, tela yana ta ɗinkin sababbin fararen kaya. Malamarsu Sista Asabe ta samo wani malamin Larabci yana koya musu yadda ake tambayar majinyaci ina ke masa ciwo. Umma, mahaifiyar Ramatu, ta daka kuka da yaji ta ƙulle, wai ta ji an ce mutanen can ba su san miya ba. Abu ɗaya ya rage, likita zai zo daga Kano ranar Litinin ta ƙarshen wata ya duba lafiyarsu. Sista Asabe kuwa ba ta yi musu ɓoye-ɓoye ba.

"Duk wadda aka samu da ciwon da za ta iya kai wa ƙasar mutane, ta kwance jakarta."

To, sai ga ɗan ƙurji ya fito wa Ramatu a idon sawun hagu. Ta ce cizon sauro ne. Ya yi bororo, yana zafi kamar an ɗora garwashi. Wata safiya tana alwala ruwan sanyi ya taɓa wurin, bororon ya fashe, wani farin abu kamar zaren ɗinki ya leƙo.

Ba sai an gaya mata ba. Ita da ke shiga ƙauyuka da ƙyallen tace ruwa tana yi wa mata wa'azi a kan kurkunu! Ta zauna daɓas a kan turmi, abin ya faɗo mata. Bara ta je rugar Baffa Hamman wajen Kafin Hausa gaida kakarta. Tsohuwa ta dama fura da nono, ta sirka da ruwan kududdufi, ta miƙo mata da hannu biyu, duk ruga ta zuba ido a ga ko 'yar boko za ta sha. Ta sha. Da ta ƙi, da har yanzu ana maganar a gidan suna da gidan biki.

Wadda ta fara gaya wa ita ce Esta, a bayan ɗakin da ake dafa kayan aiki. Esta ta durƙusa ta zare mata safa, ta duba, ta dafe kai.

"Kai, 'yar Fulani! Me kika jawo mana?"

"Rufa min asiri, Esta. In ya fita gaba ɗaya kafin likita ya zo, ramin bai fi ƙwayar dawa ba. Sai in ce ƙaya ce."

"In ya fita. Kin dai san ba a yi masa gaggawa."

Ta sani mana. Kurkunu yakan kai kamu biyu a jikin mutum. Ana naɗe kansa a tsinke, kullum a murɗa kaɗan, da ya cije sai a tsaya. Wanda ya ja da ƙarfi ya tsinka shi, sauran ya koma ciki ya mutu, ƙafa ta kumbura, sai kwanciya ta wata da watanni.

Duk ajinsu kuwa an san babu mai hannu irin na Esta, ko jariri ta yi wa allura sai ta gama yake tuna kuka. Kullum bayan la'asar sai ta zo gidan su Ramatu da auduga da maganin aidin a jaka, su shige ɗaki su saki labule. Ramatu ta tsoma ƙafa a tasa, Esta ta kama tsinken ashana ta murɗa, ta dakata, ta murɗa. Wata rana a samu tsawon ɗan yatsa, wata rana ko rabinsa ba a samu ba. Sai ta ɗaure tsinken da bandeji, safa ta rufe.

A asibiti Ramatu tana cije leɓe tana taka ƙafar kamar lafiya lau. Rannan tana tura keken magani Sista Asabe ta tsaya a bayanta.

"Ramatu, me ya sami tafiyarki?"

"Sabon takalmi ne, Sista."

Sista ta dubi takalmin, ta dubi safar, ta daɗe tana kallo har gumi ya keto wa Ramatu a baya.

"To ki saba da shi. Ba ɗingishi za mu kai wa mutane ba."

Asiri zai iya ɓuya wa Sista, amma ban da 'Yar'azumi. Maƙwabciyarsu ce, mai kitso, kuma kun san masu kitso, kai suke kamawa amma kunne ne jarinsu. Ta ga 'yar Malam Irmiya tana shiga kullum ana sakin labule, sai ta tashi da aron rariya. Rariya tana kicin, ita kuwa ta nufi ɗaki, ta ɗaga labule da sallama a baki, ta ga abin da ta zo gani.

Bayan Esta ta tafi, 'Yar'azumi ta zauna kusa da Umma tana taya ta tsince shinkafa, ta sassauta murya daidai yadda na cikin ɗaki zai ji.

"Umma, wai ba ita ce mai jiran gado ba?"

"Yaran nan tun suna firamare suke tare."

"Ni ban ce komai ba. Amma a garinmu ba a ba kura ajiyar nama. Murɗa ɗaya ce fa, wa zai ce da gangan ta yi? Ko ba ta tsinka ba, ai sai ta yi ta jan ƙafa, yau kaɗan gobe kaɗan, likita ya zo ya tarar da shi yana lilo."

Ramatu ta yi tsaki a ɗaki. Amma magana ƙaya ce, in ta shiga ba ta fita da tsaki. Washegari ta bar kallon ƙafarta, ta koma kallon yatsun Esta. In Esta ta murɗa, gabanta ya faɗi kada ta tsinka. In ta tsaya, zuciya ta ce mata, ya cije ne ko dai an ce ya cije? Ga shi kuma ta ji a bakin 'yan ajinsu cewa tela ya auna Esta. Sista ce ta sa, amma dai ya auna.

"Esta, tsakani da Allah, kina son tafiyar nan?"

"Wa zai ƙi shiga jirgin sama?" Esta ta ce, ba ta ɗago ba. "Amma ba ta kan ƙafarki ba. Daina motsi, mai kan ƙwarya."

Ranar Lahadi, jajiberin zuwan likita, Esta ta biyo daga coci da ɗan kwalinta na ado, ko gida ba ta je ba. Tsinken ya yi kauri da farin zare, abin da ke fitowa kuma ya fara sirancewa, alamar wutsiya ta kusa. Ramatu ta jiƙa ƙafa har fatar ta yi yaushi. Esta ta murɗa sau ɗaya, ta ƙara rabi, ta tsaya.

"Ya cije. Mu bar shi."

"Mu bar shi zuwa yaushe? Gobe ne fa!"

"Likita sai da hantsi zai iso. Zan zo da sassafe mu sake jiƙa shi. Kwana yana sa ya saki."

"In bai saki ba fa?"

Esta ta ce, "Sai mu gaya wa Sista gaskiya. Ta roƙi likita ya ɗaga miki ƙafa."

"Mu gaya wa Sista." Ramatu ta maimaita a hankali. "Ashe nan aka nufa."

"Me kike nufi?"

"Abin da ya rage bai kai taƙi ɗaya ba, ke ma kin gani. Jiya kin ce ya cije, shekaranjiya kin ce ya cije. Ba ni tsinken."

"Ramatu, ki ji tsoron Allah. Taɓa nan ki ji yadda ya ɗaure, kamar tsirkiyar baka."

"Ƙafata ce ko taki?"

Esta ta dube ta, idonta ya kawo ruwa. Ta buɗe yatsu ta saki.

Ramatu ta kama tsinken. Ta murɗa. Zafi ya harba har cinya, amma zaren ya biyo, ya fito kusan gaɓar yatsa.

"Kin gani? Kin gani ko? Da ma yana zuwa!"

"Ya isa haka. Don girman Allah tsaya nan."

Ta ƙara murɗawa. Abin ko ƙara bai yi ba. Tsinken kawai ta ji ya yi sakayau a hannunta, guntun da ya rage kuma ya shige rami a hankali suna kallo, har ya ɓace.

A tsakar gida Umma tana kiran kaji. Esta ta jawo jakarta, ta wanke wurin da aidin, ta ɗaure, ta zubar da ruwan tasa can nesa da rijiya, ta tafi.

Kafin gari ya waye ƙafa ta zama turmi, zazzaɓi ya rufe Ramatu har haƙoranta na haɗuwa. A bayan a-kori-kura aka kai ta asibiti. Likitan Kano ya gan ta kam, amma a kan gado ya gan ta, shi ne ma ya ba da umarnin a tsaga wurin a fitar da mugunya. Sista Asabe ta tsaya a kanta ta ce, "Sabon takalmi ko?" Ta gyara mata matashi ta wuce.

'Yar'azumi kuwa ta samu abin yi. Duk kan da ta kama a makon nan, sai mai shi ta tashi da labarin yadda 'yar Malam Irmiya ta tsinka kurkunu da gangan. Maganar ta kai kasuwar kifi, ta kai gidajen malamai, har Malam Irmiya ya daina zama a majalisar mai shayi.

Ranar tafiya, motar fijo tana tsaye a ƙofar asibiti an ɗaure jakunkuna, Esta ta shigo ɗakin mata da sababbin fararen kayanta. Gadon Ramatu cike da 'yan dubiya. Umma ta kau da kai. 'Yar'azumi ta tafa hannu.

"A'a, ga mai hannun albarka! An zo ganin yadda aiki ya yi kyau?"

Esta ta tsaya cak a tsakiyar ɗaki, ta rasa gaba ta rasa baya.

Ramatu ta yunƙura ta tashi zaune, zafi ya sa ta runtse ido.

"Inna 'Yar'azumi, ni na ja. Ta ce in bari, ta haɗa ni da Allah, na ƙwace tsinken daga hannunta. Ki kai wannan ma inda kika kai wancan."

'Yar'azumi ta shiga gyara ɗaurin zani da bai kwance ba.

Esta ta matso ta ɗaga bargo, ta duba bandejin, ta danna gefen kumburin da yatsa.

"Wa ya ɗaure miki wannan? Ya matse da yawa."

Direba ya danna ham a waje. Ba ta kula ba, ta kwance ta sake ɗaurewa a hankali. Ya sake dannawa.

"Tafi mana, kada su bar ki," in ji Ramatu.

Esta ta fita da sauri. Ramatu ta juya fuska wajen bango, tana jin motar har ta hau titin Kano.