Dokin da Ya Daina Gumi

Tun da sassafe Marnie ta kasa zama wuri ɗaya. Ta shiga barga ta fito, ta ɗaura sirdi ta kwance, ta koma ta sake ɗaurawa. Bazara ce irin ta arewacin Queensland, kullum hadari ya haɗu ya watse ba ko ɗigo, mutum yana tsaye kawai rigarsa na jiƙewa. Dawakin da take kai baƙi yawo a kansu duk sun yi sharkaf tun ba a hau su ba. Wombat ne kaɗai a bushe.

Wombat jan doki ne da ta raina da madarar kwalba bayan uwarsa ta mutu, kuma duk bargar babu mai haƙurinsa. Kwanan nan ya daina gumi. Dokin da ya daina gumi a ƙasar nan, zafi ke dafa shi daga ciki, in ba a kai shi kan tudu inda ake sanyi ba, wata rana a ƙasa za a tarar da shi. Wanda aka kai kuwa ba ya dawowa nan bakin teku. Marnie ta san wannan sarai, so ne kawai ba ta yi.

Kawu Des, ƙanin mahaifiyarta mai tuƙa motar dawaki, ya same ta tana tsiyaya baƙar giya a cikin dusar Wombat.

"A'a! Mashayin naki tun da safe ya fara?"

"Magani ne, Kawu. An ce tana kawo gumi."

"In haka ne ai ni da tuni na zama rafi. 'Yar nan, ki bari in kai shi gonar yayarki Glenys a kan tudu. Ga ciyawa, ga sanyi."

"Jiya na ga damshi a ƙarƙashin gezarsa."

"Ruwan da kika watsa masa kika gani."

Ta ci gaba da motsa dusar. Da niyyar barin dokin a gida ta tashi, wallahi. Sai ga baƙi sun iso, cikinsu da wata dattijuwa, Misis Halloran, wai tun tana yarinya take burin hawa doki amma tsoro ya hana. Marnie ta dubi sauran dawakin, kowanne da halinsa. Ta ce wa ranta hanyar ai duk inuwa ce, kuma tafiya ce a hankali. Ta ɗora wa Wombat sirdi.

Suka wuce gonakin rake suka shiga kurmi. Marnie tana gaba amma rabin tafiyar a waige ta yi, har wuyanta ya ƙage. Suna dab da bakin rafi dattijuwar ta ɗaga murya cike da murna.

"Kai, nawa ya fi na kowa ƙarfi! Dubi sauran duk sun jiƙe, shi ko a jikinsa."

Marnie ta ja linzami. Ta diro ta ɗora hannu a wuyan Wombat. Ƙamas, da zafi kamar kwanon rufi da tsakar rana. Hancinsa ya buɗe, cikinsa na sama da ƙasa, ƙafafun gaba sun soma karkarwa.

"Mama, sauko. Yanzu, don Allah."

Ta fizge sirdin ta yar. Ta juye masa ruwan gorunan kowa, ko gezau. Ga rafi nan shimfiɗe a gabansu, amma rafin kadoji ne, ko kare ba a bari ya sa ƙafa. Tsoro ya kama ta ta ko'ina. Ta cire hularta.

"Kowa ya tsaya nesa da gaɓa," ta ce wa baƙin. "Ku zuba wa ruwan nan ido. In kun ga abu kamar gungume yana matsowa, ku yi ihu."

Ta ruga rafin ta kamfato ruwa da hular ta dawo, rabin ruwan ya tsiyaye a hanya. Ta sheƙa masa a wuya da tsakanin cinyoyi, ta sharce da hannu, ta sake rugawa. Duk sunkuyawar da za ta yi a gaɓar nan sai tsigar jikinta ta tashi. Wani ya miƙo mata jakar leda, wani ya ja dokin cikin inuwa, Misis Halloran tana yi masa fifita da ganye tana kuka. Da ƙyar hakin ya soma lafawa, sannan Marnie ta kira Kawu Des a rediyon oba-oba.

Ya iso da motar ta hanyar masu rake. Bai tsokane ta ba, kuma hakan ya fi mata ciwo. Suka lallaɓa Wombat ya hau. Kawu ya sa sakata, ya tsaya yana duban ƙasa.

"Gida ko tudu?"

Ta ɗan jima tana goge laka a wandonta.

"Tudu."

Motar ta fara tafiya ke nan ta bi ta da gudu tana bubbuga ƙofa, ya taka birki.

"Kawu, ka ce wa Glenys ba ya cin abinci sai mutum na tsaye a gefensa. Kar ta zuba masa ta tafi."

Ya gyaɗa kai ya ja mota. Marnie ta koma wurin baƙinta, ta taimaki dattijuwar ta hau dokin da ita Marnie ta zo a kai, ta saɓa sirdin Wombat a kafaɗa, ta shige gaba a ƙasa.