Roƙon Addu'ar Mama Rahila

Lucia ta je wurin Mama Rahila, shugabar zumuntar mata a cocinsu na Kuje, ta faɗa mata a asirce cewa ita da mijinta Istifanus ba sa magana, don ya kawo ƙaninsa gida bai shawarce ta ba. Shawara kawai take nema.

Ranar Lahadi, lokacin roƙon addu'a, Mama Rahila ta karɓi makirufo. "'Yan'uwa, mu tuna da gidan Istifanus, Shaiɗan ya shiga tsakaninsu."

Aka amsa da amin, ana waiwayen su. Istifanus, wanda da safen nan ya ba Lucia haƙuri suka shirya, ya miƙe ya fice.

Da aka tashi, Lucia ta tare Mama Rahila a bakin ƙofa.

"Mama, wa ya aike ki?"

"Haba 'yata, ai addu'a ce."

"Allah yana ji ba sai da makirufo ba. Ubangiji ya ce a fara tsakanin mutum biyu, ke kin fara da coci guda. Mun riga mun shirya, Mama. Yanzu sai ki je ki dawo min da shi."