Saɓa a Bayan Buhun Gero

Mijin Wasila direban motar siminti ne a Malbaza, kuma kafin ya yi tafiya ya bar mata zaɓin fitilun sabuwar madafarta. Ta zaɓi babban ampul na tsakiyar silin, da wata siririyar fitila da za a liƙa ƙarƙashin kabad, don ta gaji da yankan albasa cikin inuwar kanta.

Da hantsi Malam Jaje mai gyaran wuta ya zo, ya fara da siririyar. Yana kunna ta haske ya shiga lungun da ke bayan buhun gero, inda ɗiyarta Kubra ke zama tana wasa da murfin tukunya. Nan Wasila ta hangi saɓar maciji, doguwa, tana reto daga wata kafa a silin.

Jaje ya murza ta da yatsu. "Wagga ba ta bushe ba, Hajiya. Mai ita bai yi nisa ba."

Kafin ta amsa, wani abu mai nauyi ya ja jiki a bisa kansu, a hankali, sannan ya tsaya. Ta suri Kubra ta fice ba takalmi.

Bayan azahar maƙwabta suka zo da sanduna suka ɓanɓare silin ɗin kaf. Ba su sami maciji ba, sai wata saɓar, wadda ta fi ta farko kauri. Tun ranar a tsakar gida Wasila ke girki, da Kubra goye a bayanta.