Ƙafa Huɗu Don 'Yar Ja

A garejinmu akwai wani layin farin fenti da ya ratsa daɓe daga bango zuwa bango. Baba ne ya ja shi tun muna yara, ranar da na fasa wa Yaya goshi da sifana don ya taɓa min gwangwanin notina. Ya ce daga ranar duk motar da ta shigo a tsayar da ita a kan layin. Daga giyar mota zuwa hancinta na Auta ne, wato ni, daga giya zuwa wutsiya na Yaya ne, kuma kada wanda ya leƙa aikin wani balle ya tambaya. Mun girma, gemun Yaya ya fara fari, ni har na yi jika, amma layin yana nan, muna ma sabunta masa fenti. Ba wai ba ma shiri ba ne. Tare muke shan shayi, tare muke gulmar masu motoci. Aiki ne kawai ba ma haɗawa, kuma tsarin ya karɓe mu, tunda motoci suna fita lafiya.

A kusurwar garejin, ƙarƙashin tamfol, 'Yar Ja take kwance. Ƙaramar mota ce ta 'yan gayu, kujera biyu tak, ƙofa biyu, cikinta kamar zai shafi ƙasa. Baba ya saye ta lokacin da yake ji da ƙuruciya. A kan kwalta babu mai ganin ƙurarta, amma tayoyin baya ne kaɗai ke ja, kuma bayan nata ba nauyi.

Wannan rashin nauyin ne ya kunyata Baba. Suna sabon aure ya sayi wani fili a kan tudu, bayan gari, ya ɗauki Mama da dashen lemo a cinyarta zai kai ta a 'Yar Ja. A tsakiyar hawan, inda jan yumɓu ya haɗu da tsakuwa, tayoyin baya suka yi ta juyawa a wuri ɗaya suna feshi. Mama ta fito, ta ɗora dashen a ka, ta ce, "Ka zauna ka lallashi amaryarka, ni na yi gaba." Ya rantse mata sai ya hau da ita tudun nan a cikin motar nan. Shekara ta bi shekara, aikin mutane ya sha kansa, Mama ta rasu, Allah ya jiƙanta, bai hau da ita ba. Tun daga nan bai sake taka gonar ba. Wani manomi ne ke kula da lemon, yana aiko mana da buhu.

Ni na raka Baba wurin likitan ido. Ta haska, ta ɗiga magani, ta sake haskawa, sannan ta ce jijiyar ce ke mutuwa, babu aikin da zai dawo da ita. Abin da ya rage na gani zai yi ta raguwa.

"Idan akwai abin da kake son gani, Baba, kada ka jinkirta," in ji ta.

Da muka kusa ƙofar gida ya juyo gare ni. "Lemon uwarku nake son gani."

"Gobe ma sai mu je," na ce. "Maƙwabci zai ara mana a-kori-kurarsa."

"A motata zan je."

"Baba, motarka ba ta hawa."

"To a bar zancen."

Wanda bai san Baba ba zai ce lallashi zai yi aiki. Yaya ya gwada, matarsa ta gwada, har jikoki aka turo masa. Ya ce shi ba buhun taki ba ne da za a loda a bayan motar wani. Ni kuwa taurin kan nan na gado shi kaf, don haka washegari na yaye tamfol ɗin, na tura 'Yar Ja kan layi, na ce wa Yaya, "Za mu sa mata ƙafa huɗu, duka tayoyin su riƙa ja."

Ya dube ni, ya dubi motar. "Auta, kin san abin da kike faɗa? Ina wurin da za ki cusa aksul mai juya tayoyin gaba a ƙarƙashin injin nan? Ko ɓera ba zai samu wurin kwana ba."

"Wannan matsalata ce. Kai dai ka ji da bayanka."

Ya shafa tabon goshinsa, kamar yadda yake yi duk lokacin da na ɓata masa rai, ya tafi ya ɗauko jak.

Ban taɓa yin aikin da ya ci min jiki kamar wannan ba. Na yi yawon wuraren masu tsofaffin kayan mota har takalmina ya huje, kafin na samu giyabos mai haɗe da akwatin da ke raba ƙarfi gida biyu. Na ɗaga injin, na yanke kaskon baƙin mai na sake ƙera shi da lanƙwasa don aksul ɗin gaba ya samu wurin zama. Sau biyu waldar tana yoyo, sau biyu ina kankarewa. Shaf ɗin da na samo, sandunan ƙarfen da ke kai juyi ga tayoyi, sun yi tsawo, mai injin yankan ƙarfe ya rage min su yana ta mita cewa mace ta hana shi cin abinci. Aksul ɗin gaban kuwa na zaɓe shi da natsuwa. Na san na bayan 'Yar Ja tun ina goge shi da tsumma ina yarinya, na san yawan haƙoransa, na nemo wanda ya yi daidai da shi.

Daga can bayan layi ina jin Yaya yana buge-buge da huci. Na ga ya shigo da wani abu a buhu, na ga ya fita da wani abu a baro. Ban tambaya ba, ba a tambaya. Akwatin raba ƙarfin ma, da yake a kan layin ya faɗo daidai, ni na ɗaure notinsa na gaba, shi ya ɗaure na baya, ba wanda ya ce wa wani sannu.

Baba kullum yana kan kujerarsa a bakin ƙofa. Da farko yana gane sifanar da ke hannuna daga inda yake, har ya ce na ɗauki wadda ba ita ba. Daga baya ya koma tambayar wa ke tsaye a can. Duk tambayar da ya yi sai in ƙara sauri.

Ranar da muka gama, muka tayar da ita a kan jak. Tayoyi huɗu suka juya tare, sumul. Wallahi har rawa na taka. Muka sauke ta, na shiga, na fita da ita kan kwalta. Ban yi nisa ba ta fara turjewa, tana tsalle kamar akuyar da ake ja da igiya. Tayoyi suna ƙara, sitiyari yana fizgar hannuna. Maimakon in tsaya, sai na ce sabon haɗi ne, bari ya sake jiki, na ƙara taka totur. Sai ji na yi ƙas! a ƙarƙashin kujerata, sai mai ya fara zuba a titi.

Da igiya aka jawo mu gida. Muka buɗe akwatin raba ƙarfin, haƙora biyu sun karye.

"Waldarki ce ta karkace," in ji Yaya.

"Waldata? Kai dai ka faɗi abin da ka ɓata a bayan nan!"

"Bayana lafiyarsa ƙalau. Sabon aksul ne fil, ya fi tsohon ƙarfi nesa ba kusa ba."

Na tsaya da tsumma a hannu. "Wane sabon aksul?"

"Tsohon ba zai ɗauki tudu ba, na canza shi."

"Ka canza shi ba ka gaya min ba?"

"Baya nawa ne. Yaushe muka fara gaya wa juna?"

Gaskiya ya faɗa. A mota mai jan baya kawai, ko aksul ɗin jirgi ya saka babu ruwana. Amma yanzu giya ɗaya ce ke tura ƙafafu huɗu, dole gaba da baya su juya daidai wa daida. A kan jak babu ƙasar da za ta riƙe su, shi ya sa suka yaudare mu.

Baba ya yi gyaran murya daga bakin ƙofa. "Tun fitarta na ji ƙarar. Ku ɗauko alli."

Gwajin ba ya yiwuwa da mutum ɗaya. Sai wani ya juya taya, wani ya kwanta a ƙasa yana ƙirga juyin farfela, sandar da ke haɗa giya da aksul, da alamar alli a jikinta. Na tsallaka layin na kwanta a ƙarƙashin wutsiyar 'Yar Ja, wurin da rabona da shi tun ina goge-goge. Yaya ya juya, na ƙirga, farfelar ba ta cika juyi huɗu ba. Shi ma ya tsallako ya kwanta a ƙarƙashin hancinta, na juya masa, tawa ta wuce huɗu da ɗan wani abu. Bambancin bai kai faɗin tafin hannu ba, shi ne ya karya mana ƙarfe. Yana kwance a wurin ya daɗe yana kallon kaskon da na ƙera, har na ƙosa.

"Ke kika lanƙwasa wannan?"

"A'a, aljanu ne."

"Ba za a taɓa shi ba," ya ce. "Nawa zan cire."

Ya cire sabon aksul ɗin da yake taƙama da shi. Muka zauna a benci ɗaya muka fasa tsohon, muka canza masa boris ɗin da yake juyawa a kansu, muka ɗaure shi tare. Abin da ya ci lokaci shi ne haƙoran da suka karye. Ba a samunsu a kusa, sai da aka aiko da su daga nesa, na farkon da suka zo ma ba su shiga ba. Kafin na biyun su iso damina ta sauka. Wata safiya na miƙa wa Baba kofin shayi, sai na ga hannunsa yana lalube a gefen kofin. Na shige bayan gareji na yi kukana, na wanke fuska, na dawo na ci gaba da ɗauri. Haushin kaina nake ji, da na Yaya, da na farin layin nan.

Wannan karon a kan kwalta ta tafi lafiya lau, ba tsalle ba ƙara. Ba mu jira yumɓu ya bushe ba. Da hantsi muka sa wa Baba hularsa, muka zaunar da shi a kujerar da Mama ta zauna. Saura kujera ɗaya, mu biyu. Yaya ya miƙo min makulli.

"Ke za ki ja. Zan biyo ku a babur zuwa gindin tudun."

"Daga nan fa?"

Ya ɗaga wani guntun katako na tare taya. "Daga nan a ƙafa. Idan ta zame zan tare ta. Baya ai nawa ne."

Tudun ya jiƙe sharkaf. Na sa giya ta ɗaya, na taka a hankali. A madubi ina ganin Yaya yana biye da mu da katakonsa a kafaɗa, taɓo har gwiwa. Da muka iso inda yumɓu ya haɗu da tsakuwa, baya ya fara wutsil-wutsil, motar ta karkata.

"Nan ne," in ji Baba, ya dafa gwiwata. "Kada ki ɗaga ƙafa."

Ban ɗaga ba. Sai na ji sitiyari ya yi nauyi a hannuna, tayoyin gaba suka kafe a ƙasa suka ja. 'Yar Ja ta yi gurnani, ta watsa wa Yaya taɓo a fuska, ta haye. Ina jin ihunsa daga baya, ban san ko murna ba ce ko zagi.

A saman na tsaya dab da bishiyoyin. Sun yi girma fiye da yadda nake tsammani, ganye shar, ga 'ya'ya sun fara nuna. Na zagaya na buɗe wa Baba ƙofa. Ya fito, ya gyara hula, ya tsaya yana fuskantar su, bai fi tsawon mota tsakaninsa da ta farko ba. Yaya ya iso yana haki ya tsaya kusa da ni.

"Auta," in ji Baba, "ta wane gefe suke?"

Yaya ya yar da katakon, ya kama hannunsa na dama, na kama na hagu, muka taka da shi har gindin ta farkon. Ya ɗora tafinsa a jikinta, ya shafa sama, ya shafa ƙasa, ya gwada zagaye ta da hannu biyu, yatsunsa ba su haɗu ba.

"A ka ta ɗauko wannan," ya ce.

Ya tsinki ganye ɗaya ya murje, ya kai hanci. Na juya zan je in kashe motar, don kada su ga fuskata.

"Bar ta a kunne," in ji Baba, bai saki bishiyar ba. "Bari uwarku ta ji ta iso."